Tarihin Cajin Batir a Mota Mai Ɗaki da Nauyin da Ya Hau Kan Altaneta

Mota mai ɗaki ita ce motar da aka gina wa wurin kwana da madafi da makewayi a cikinta, iyali su shiga su yi makonni a kan hanya, suna kwana duk inda dare ya riske su. An fi amfani da ita a Amurka da Kanada da yammacin Turai da Ostireliya. Wutar lantarkin irin wannan mota kashi biyu ce. Akwai batirin inji, wanda aikinsa tayar da mota. Akwai batirin ɗaki, wanda ke ba da wuta ga fitilu da famfon ruwa da firji da fankar hita bayan an kashe inji. Idan mota tana tafiya, abu guda ne ke ciyar da su biyun, wato altaneta, na'urar da bel ɗin inji ke juyawa tana samar da wuta. Ba don ciyar da ɗaki aka ƙera altaneta ba, kuma kusan duk matsalar caji da masu waɗannan motoci ke fama da ita daga nan ta samo asali.

Zamanin fitilar kananzir da ƙanƙara

Tafiya da ɗaki don shaƙatawa ta girmi mota. A 1885 wani likitan Burtaniya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki a Bristol, ya zaga ƙasar da shi, kuma a 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. Da mota ta samu, sai ɗakin ya koma kanta. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya baje kolin wata mota a New York wadda kujerarta ta baya ke zama gado, da wurin wanke hannu da ake naɗewa. A 1915 attajiri Roland Conklin ya tashi daga jihar New York zuwa San Francisco da iyalinsa a cikin wata ƙatuwar mota mai madafi da gadaje da janareta da fitilun lantarki. Wannan abin masu hali ne. Talakan matafiyi, irin waɗanda suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida a 1919, da fitilar kananzir yake gani, da risho yake girki, da sandar ƙanƙara yake sanyaya abinci.

Batirin kansa ya daɗe da samuwa. Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid a 1859, Camille Faure kuma ya inganta farantansa a 1881 yadda za a iya ƙera shi da yawa. Ya zauna daram a cikin mota daga 1912, lokacin da Cadillac ta fito da na'urar tayar da inji da lantarki wadda Charles Kettering ya haɗa, aka huta da juya inji da hannu. Tun daga ranar aka raba aiki: batir ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, na'urar caji ta mayar masa da abin da ya bayar. Lissafin ƙarami ne. Idan tayar da inji ya ja amfiya 300 na daƙiƙa uku, abin da aka ɗeba daga batir bai wuce rubu'in amfiya-awa ɗaya ba, kuma 'yar tafiya kaɗan ta isa ta cike gurbin.

Daga dinamo zuwa altaneta

Kusan shekara hamsin dinamo ce ke wannan aiki. Wutar da take samarwa gaba ɗaya ta kan wasu ƙananan gawayi take bi, masu gogar wani zobe mai tsaga-tsaga, saboda haka ba ta jure gudu mai yawa, kuma idan inji yana silo kusan ba ta ba da komai. Yawancinsu amfiya 20 zuwa 35 suke bayarwa. Motocin Amurka sun yi amfani da volt 6 har tsakiyar shekarun 1950, sannan suka koma volt 12. Volkswagen, wadda kamfanin Westfalia ya fara yi wa ƙananan bas ɗinta kayan kwana a 1951, ba ta koma volt 12 ba sai wajen 1967. Matafiyin wancan zamani da ya jona fitilar ɗakinsa a batirin mota ya san sakamakon: ya kwana da haske, gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Sauyin ya zo ne a 1960, sa'ad da Chrysler ta sa altaneta a motarta Valiant a matsayin kayan da mota ke fitowa da shi daga kamfani. General Motors da Ford suka bi sahu cikin 'yan shekaru. A cikin altaneta, maganaɗisun lantarki ne ke juyawa a tsakiya, wutar kuma tana fitowa daga naɗin wayar jan ƙarfe guda uku da ke kafe a jikin kwanson. Wutar mai kai-da-komo ce, sai dayod shida na silikon su miƙar da ita ta zama irin wadda batir ke karɓa. Wata 'yar na'ura, regileta, tana ƙara ko rage ƙarfin maganaɗisun domin wutar ta tsaya tsakanin volt 13.8 da 14.4. Altaneta tana gudu ninki biyu zuwa uku na gudun inji, shi ya sa take caji ko mota tana tsaye.

Wannan ci gaba ya zo daidai da haihuwar mota mai ɗaki ta zamani. A 1958 Raymond Frank ya gina wa iyalinsa ɗaki a kan gangar motar Dodge a jihar Michigan, aikin da daga baya ya zama kamfanin Travco. Winnebago ta garin Forest City a jihar Iowa ta fito da tata ta farko a 1966. Waɗannan motoci sun zo da famfon ruwa na lantarki da hita mai fanka da fitilu a kowane lungu. Batir ɗaya ya kasa, dole aka ƙara na biyu.

Dabarun raba batura biyu

Batirin ɗaki ba irin na inji ba ne. Na inji farantansa sirara ne masu yawa, don ya saki wuta a lokaci guda, kuma idan ana yawan zuƙe shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Na ɗaki farantansa masu kauri ne, yana ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon dare. A Amurka an saba aron batura masu volt 6 na ƙananan motocin filin wasan golf, a jera biyu su ba da volt 12. Ƙa'idar da masu motocin suka riƙe ita ce kada a ci fiye da rabin abin da ke cikin batirin dalma kafin a sake caji. Ke nan batir mai amfiya-awa 200 yana wayar gari yana neman 100, ninki ɗari huɗu na abin da tayar da inji ke ci.

Abin da ake so shi ne baturan biyu su haɗu idan inji yana aiki, su rabu idan an kashe shi. Hanya ta farko ita ce makunni na hannu, wanda mantuwa ke lalata amfaninsa. Ta biyu ita ce rile ko solinoid mai bin mabuɗin mota: a murɗa mabuɗi ya haɗa, a kashe ya raba. A Amurka an ƙara wani maɓalli kusa da direba, wanda ke haɗa baturan da gangan domin na ɗaki ya taimaka wajen tayar da inji idan na mota ya yi sanyi. Ta uku ita ce akwatin dayod, mai barin wuta ta shiga kowane batir amma ta kasa komawa. Ba shi da abin da ke motsi, sai dai yana cin kimanin volt 0.7 ko fiye a hanya. Altaneta ta ba da 14.2, batirin ɗaki ya sami 13.5, kuma da wannan da wuya ya cika. Daga baya aka samu rile mai jin ƙarfin wuta, wanda ke haɗawa idan wuta ta haura wajen volt 13.3, ya raba idan ta sauko wajen 12.8.

Wayar ma tana da nata harajin. Batirin ɗaki yakan zauna nesa da inji, a ƙarƙashin gado ko a can baya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 6, idan tsawonta zuwa da dawowa ya kai mita goma, tana cinye kusan volt 0.9 idan amfiya 30 na bi ta cikinta. A Turai akwai ƙarin kaya, domin firjin da ke aiki da gas ko lantarki, wanda ɗaliban Stockholm biyu, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro tsarinsa a 1922, yana komawa kan volt 12 a lokacin tafiya, yana jan amfiya goma ko fiye. Sakamakon duk wannan shi ne koken da ya fi yawa a wancan zamani: an yi tafiyar yini guda, batirin ɗaki bai cika ba. Batirin dalma kuwa idan ya daɗe a rabin caji, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa, ƙarfinsa ya ragu har abada.

Amma wannan rauni yana ɗauke da wata kariya da ba a lura da ita ba. Batirin dalma kamar tulu ne mai ƙaramin baki, ko da kogi aka kawo masa, gwargwadon bakinsa zai sha. Yana karɓar wuta da ɗan yawa a farkon caji, sannan ya riƙa ragewa da kansa. Siririyar waya da dayod su ma suna rage abin da ke wucewa. Saboda haka altaneta ba ta cika shan wahala ba, kuma an yi shekaru da dama ba a ɗauki ƙonewarta a matsayin matsalar mota mai ɗaki ba.

Sauran hanyoyin caji

Da yake altaneta ba ta cika batir, aka nemo wasu hanyoyi. Masaukan matafiya suka girka wurin jona wuta, volt 120 mai amfiya 30 ko 50 a Amurka, volt 230 a Turai, motar kuma tana da na'urar da ke mayar da wutar gida volt 12. Na'urorin farko ƙarfi ɗaya suke bayarwa ba dare ba rana, su dafa batir har ruwansa ya ƙafe. Na bayan su mataki-mataki suke caji: su tura wuta da yawa har wajen volt 14.4, su riƙe a nan na wani lokaci, sannan su sauko wajen 13.6 don riƙewa. Manyan motoci suka samu janareta, rufinsu kuma ya cika da farantan sola da farashinsu ya sauko. Batirin dalma shi ma ya sauya kama. Kamfanin Sonnenschein na Jamus ya fito da mai daskararren ruwa a ƙarshen shekarun 1950, sannan aka samu na AGM, wanda ruwansa ke jiƙe a cikin tabarmar zaren gilashi. Ba a ƙara musu ruwa, na AGM kuma yana karɓar caji da sauri fiye da na da. Daga nan nauyi ya fara matsowa wajen altaneta.

Zuwan batirin litiyam

Sony ta fara sayar da batirin litiyam mai karɓar caji a 1991. Nau'in da ya shiga motoci masu ɗaki shi ne mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ake rubutawa LiFePO4, daga binciken ayarin John Goodenough a Jami'ar Texas a 1996 da 1997. Goodenough yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 saboda aikin batirin litiyam. Ƙwaya ɗaya tana ba da volt 3.2, huɗu a jere su ba da 12.8, abin da ya sa ya dace da gurbin batirin dalma. Nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya cin kusan duk abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. Da farashinsa ya sauka a shekarun 2010, masu motoci suka riƙa cire na dalma suna ajiye shi a wurin, wasu har suna sauya wayar da mai kauri, suna ƙara inbata domin tukunyar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki.

Nan matsalar ta juye. Batirin litiyam ba ya rage abin da yake karɓa sai ya kusa cika, duk abin da aka ba shi zai janye. Altanetar da aka rubuta mata amfiya 150 ko 180 tana iya ba da hakan na ɗan lokaci, amma ba a ƙera ta don ta yi awanni a kan iyakar ƙarfinta ba, kuma idan ta yi zafi abin da take iya bayarwa yana raguwa. Ita ma ba ta mayar da duk ƙarfin da inji ya ba ta wuta: kusan rabinsa zafi yake zama. Idan tana ba da amfiya 100 a volt 14, wato wat 1,400, akwai zafin wat dubu ko fiye da za ta fitar daga jikinta. Fankar da ke sanyaya ta a kan sandarta take, saboda haka mafi munin hali shi ne a tsayar da mota, a bar inji yana silo domin a cika batir: wuta na fita da yawa, iska kuwa kaɗan. Fentin da ke rufe naɗin wayar yana ƙonewa, dayod su mutu, bel ya riƙa zamewa yana ƙara.

Akwai haɗari na biyu. Batirin litiyam yakan zo da allon lantarki mai tsaronsa, wanda kan yanke shi nan take idan ya cika, ko wuta ta yi yawa, ko sanyi ya kai ma'aunin daskarewar ruwa, domin caji a ƙasa da digiri sifili yana lalata shi. Idan yankewar ta zo altaneta tana tsakiyar turo wuta kuma babu wani batir da zai shanye, ƙarfin wutar yana iya tsalle zuwa wajen volt 100 na ɗan ƙiftawar ido. Sababbin altanetoci suna danne shi zuwa wajen volt 35 ko 40, amma ko wannan ba abin so ba ne ga kayan lantarkin mota.

Altaneta mai bin umarnin kwamfuta

A daidai wannan lokaci motocin su ma suka sauya. Dokokin hayaƙi na Tarayyar Turai, Euro 5 daga 2009 da Euro 6 daga 2014, tare da matsin lambar rage shan mai, sun sa kamfanoni suka miƙa ragamar altaneta ga kwamfutar inji. A manyan motocin da ake gina ɗaki a kansu, irin su Fiat Ducato da Mercedes Sprinter da Ford Transit, kwamfuta tana sauke wuta zuwa volt 12 da ɗoriya idan ana taka mai, ta ɗaga ta zuwa wajen 15 idan an saki mai ko an taka birki. Tsohon rile mai jin ƙarfin wuta ya rikice, ya riƙa haɗawa yana rabawa, batirin ɗaki ya tashi a tutar babu.

Maganin da ya samu karɓuwa shi ne caja mai karɓar wutar batir ta ba wani batir, wadda kamfanoni irin su Victron na Holan da Sterling na Burtaniya da Redarc na Ostireliya ke ƙerawa. Tana karɓar duk abin da altaneta ta bayar, ta daidaita shi da abin da batirin ɗaki ke buƙata, kuma ba ta wuce iyakar da aka sa mata, galibi amfiya 30 ko 50. Ke nan an dawo da kariyar da siririyar waya ke bayarwa a da, amma yanzu da gangan kuma da lissafi. Masu manyan batura suna aron dabarar masu jiragen ruwa, su sa regileta ta waje mai auna zafin altaneta, ta rage aiki idan zafi ya yi yawa, ko kuma su ƙara altaneta ta biyu wadda ɗaki kaɗai take yi wa aiki. Wannan tsari na batir biyu shi ne dai ake samu a motocin ɗaukar marasa lafiya da motocin asibitin tafi-da-gidanka, har da waɗanda ake shigowa da su Najeriya da Nijar.

Yadda ake bin sawun matsala

Mota ɗaya tana iya ɗauke da kayan zamani uku: solinoid na shekarun 1980, altanetar da aka sauya daga baya, da batirin litiyam da aka sa bara. Shi ya sa ƙwararren mai gyaran wuta yake fara gano abin da ke tsakanin baturan biyu kafin ya kwance komai. Daga nan sai mita. Batirin dalma da ya huta na wasu awanni yana nuna volt 12.6 zuwa 12.7 idan ya cika, wajen 12.1 idan ya yi rabi. Na litiyam yana zama wajen 13.2 ko 13.3 a mafi yawan zangonsa, don haka ba a gane cikarsa da volt, sai da na'urar da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita.

Sai a tayar da inji a auna a kan batirin mota. Idan tsohuwar altaneta ce kuma wuta ba ta kai 13.8 ba, laifin na wajenta ne, ko bel, ko regileta. Idan ta kai, sai a auna a kan batirin ɗaki. Idan wutarsa ba ta motsa ba sam, hanya ta yanke: fiyus ya ƙone, makunnin da ke raba batir a kashe yake, ko solinoid ya mutu. Solinoid yana iya yin ƙarar haɗuwa alhali bakinsa na ciki ya ci wuta, saboda haka ake auna ɓangarorinsa biyu, kuma wanda za a maye gurbinsa da shi dole ya zama mai jure aiki ba tsayawa, ba irin na tayar da inji ba. Idan wuta ta motsa amma bambancin baturan ya wuce rabin volt, ana bin wayar gaɓa-gaɓa ana neman inda take zubewa. Sau da yawa a kan batir ake samunta, inda koren tsatsa ya taru, ko a wurin da wayar dawowa ta ɗaure da gangar mota.

Wahalar altaneta kuwa da mita mai kama waya ake ganin ta, wadda ke nuna yawan amfiyar da ke fita. Idan adadin ya kusa abin da aka rubuta a jikinta kuma ya ƙi sauka bayan mintuna masu yawa, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Alamominta su ne warin ƙonannen fenti, da naɗin waya da ya yi baƙi, da baƙar ƙurar bel a gaban inji, da fitilar batir mai ƙyaftawa a gaban direba. Idan aka juya mita zuwa ma'aunin wuta mai kai-da-komo aka ga ta yi yawa a kan batir, wani dayod ya mutu. Sauya altaneta kaɗai ba ya magance wannan, domin sabuwar za ta bi sawun tsohuwar. Ana haɗa abin da motar kanta ke ci, na fitilu da fankoki da na'urar sanyi, a cire daga abin da altaneta ke iya bayarwa tana da zafi kuma inji yana silo, a bar rara, sannan a zaɓi cajar da ba ta wuce ragowar ba, a sa mata waya mai kauri daidai da tsawon hanya, da fiyus a kusa da kowane batir.